Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

A wani gari da ke kudu da birnin Kano akwai wani dattijo marini, shekarunsa sun haura 70. Ya gaji rini wajen ubansa, uban kuwa ya gada wajen kakansa, har shuɗin baba ya zauna a faratansa, ba sabulun da ke fid da shi. Yana yaro ya yi karatun allo, amma boko bai same shi ba sai da ya yi iyali. Sa'ad da Gwamnatin Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya cikin 1980, aka buɗe aji a garinsu, ya shiga, ya riƙa zuwa bayan la'asar in ya tashi daga karofi. Kafin shekara biyu ya iya karanta wasiƙa, ya iya rubuta sunan mai zane da kuɗin da ya ke binsa. Tun daga nan ba abin da ya ke girmamawa kamar takarda. In ya ga yagaggiya a ƙasa, ya kan tsince ta ya soke a jikin danga, don kada a taka.

Wata shekara da rani sai ga wani saurayi, malamin jami'a, ya sauka a garin da wasiƙar hakimi a hannunsa. Ya ce tarihin rini ya ke bincike, Gwamnati ce kuwa ta ba shi kuɗin tafiya da na aiki. Dagaci ya haɗa shi da dattawan karofi. A lokacin su biyar ne, marinin nan shi ne ƙaraminsu. Suka sauke baƙo a zaure, da safe a aiko masa da koko da ƙosai, da dare tuwo. Wata uku yana tare da su, yana tambaya suna ba shi amsa, yana rubutawa.

Ba abin da suka ɓoye masa. Suka nuna masa yadda a ke zuba baba da toka a rijiyar rini, a bar su kwana da kwanaki ana motsawa da muciya har ruwa ya nuna. Suka nuna masa yadda a ke ƙona katsi, a kwaɓa shi da gashin dabbobi da ruwan dafara a yi laso, a shafe cikin rijiya don kada ruwa ya tsiyaye. Da yadda a ke kai zane mabuga a buga shi da shuni har ya riƙa walƙiya, irin wanda fatake ke kai wa Buzaye a Agadas. Babban cikinsu, wanda a lokacin ya kusa 90, ya zagaya da baƙon rijiya rijiya, yana faɗa masa wanda ya haƙa ta, da gidan da ta ke hannunsu, da inda iyakar karofi ta tsaya gabas da yamma. Saurayin ya zana taswira, ya sa wa kowace rijiya lamba. Ran da zai tafi ya durƙusa ya ce, "Baba, in an buga, zan kawo muku da hannuna." Tsohon ya ce, "Allah Ya kai mu, ɗana. Allah Ya yi maka albarka."

Kwanci tashi shekara 10 ta wuce, ba a ji ɗuriyarsa ba. Huɗu daga cikin dattawan nan Allah Ya yi musu rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Sana'ar kuma ta ja baya, domin atamfa mai araha ta cika kasuwa, samari kuwa sun fi son acaɓa da tireda a kan tsugunne a bakin rijiya. Ana nan sai waɗansu masu hannu da shuni suka sa wa karofin ido, domin hanyar mota ta biyo ta gefensa. Suka ce fili ne da ba shi da mai shi, a cike ramukan a gina shaguna. Magana ta kai gaban hakimi, ya sa ranar zama, ya ce duk mai hujja ya kawo.

Daren nan marinin bai runtsa ba. Rijiyoyin gidansu ya san su, amma na sauran gidaje, da ainihin iyaka, wanda ya san su yana kabari. Can wajen asuba sai ya tuna da taswirar nan.

Yana da jika mace mai karatu a jami'a, ta zo hutu. Da gari ya waye ya kira ta ya ce, "Amaryata, zo ki yi wa mijinki aiki, in kin ƙi in sake ki." Ta yi dariya ta ce, "Haba Kaka, wa zai kwashe ka in ba ni ba? Faɗi abin da ka ke so." Ya gaya mata sunan malamin da shekarar da ya zo. Ta ɗauko wayarta ta shiga intanet, ba a jima ba ta samo. Ga sunan malamin, ga sunan garinsu, a cikin wata mujalla da a ke bugawa a Turai. Amma layi goma kaɗai na taƙaitawa aka bari a buɗe, sauran duk a kulle. A ƙasa an rubuta cewa wanda ke son karantawa ya biya dala 40, kwana biyu kuma kaɗai za a bar shi ya duba. Da ta lissafa masa da naira, sai ya ga kuɗin sun fi abin da ya ke samu a karofi cikin wata guda. Ta tambayi wata ƙawarta ta duba a ɗakin karatu na jami'arsu, aka ce ba sa sayen wannan mujalla.

Dattijo ya ce, "Kuɗin nan malamin za a ba?"

Ta ce, "A'a, Kaka, ko kwabo ba ya samu."

Ya ce, "To, mu za a aiko wa?"

Ta ce, "Ku ma ba a ba ku. Kamfanin da ya buga ke karɓa."

Ya yi shiru yana duban faratansa, can ya nisa ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Ga yadda al'amarin ya ke. Malamin jami'ar Gwamnati daga baitulmali a ke biyansa albashi, daga nan kuma a ke ba shi kuɗin bincike. In ya gama, dole ya buga abin da ya gano a mujallar masana, in ba haka ba ba za a ƙara masa girma ba, kuma mujallar da ta fi suna ita ta fi kai shi gaba. Ya kan miƙa rubutunsa kyauta, sau da yawa har ya sa hannu cewa ikon bugawa da sayarwa ya koma ga masu mujalla. Waɗansu malamai su duba rubutun su tace shi, su ma ba a biyansu. Sa'an nan kamfani ya buga, ya sayar wa ɗakunan karatu na jami'o'i da kuɗin shekara shekara. Kuɗin nan na ɗakunan karatu kuwa daga baitulmali suka fito har wa yau. Watau jama'a sun biya an yi aikin, sun sake biya don malamansu su karanta, mutumin gari kuwa in yana son gani sai ya biya na uku daga aljihunsa.

Da jikar ta bayyana masa haka, sai dattijo ya ce ai shi rabonsa da ya miƙa haraji hannun mai unguwa tun yana da sauran ƙarfi, ko da kuɗinsa a cikin wannan aiki? Ta ce akwai. Tun 1994 a ke karɓar harajin kaya a Nijeriya, cikin 2020 aka ɗaga shi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, ba a zuwa gida a karɓa, yana cikin kuɗin sabulu da katin waya da ya ke saye. Kuɗin man fetur da Gwamnati ke kashewa kuwa na kowa da kowa ne. Ya ce, "Ashe mu muka ba da maganar, mu muka biya kuɗin rubuta ta, mu aka rufe wa ƙofa. Rijiya ta bayar, guga ya hana."

Abin da ya ƙara ɗaure masa kai shi ne, cikin neman nan yarinyar ta ci karo da wani littafi da ya yi maganar rinin Kano, shi kuwa a buɗe ya ke, kowa ya karanta kyauta. Littafin Heinrich Barth ne, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya shigo Kano cikin 1851 da kuɗin Gwamnatin Ingila. An buga tafiyarsa juzu'i biyar cikin 1857 da 1858, a ciki ya faɗi yadda rinannen zanen Kano ke kaiwa Gat da Tarabulus da Tumbuktu. Mai shi ya daɗe da mutuwa, ikon mallaka ya ƙare, ɗakunan karatu suka ɗauki hoton shafukan suka zuba a intanet. Dattijo ya ce, "Ikon Allah! Abin da aka rubuta kan kakan kakana a buɗe, abin da na faɗa da bakina a kulle. Sai na shekara ɗari a ƙasa sa'an nan a buɗe?"

Ba a kansa aka fara ba. An daɗe ana zuwa ƙasar Hausa da kuɗin hukuma a ɗebi magana a tafi da ita. Cikin 1944 Gwamnatin Ingila ta kafa wata majalisa mai ba da kuɗin binciken zaman jama'a a ƙasashen da ta ke mulka. Da kuɗinta M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya zauna a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950 yana auna noma da sana'a da cinikin talakawa, aka buga rahotonsa a London cikin 1955. Matarsa Mary ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Littafin ya fito da Turanci cikin 1954, alhali Baba ta rasu tun 1951. Ayyuka ne masu kyau, ba don su ba da abubuwa da yawa sun ɓace. Amma mutum nawa ne cikin ƙauyukan da aka yi aikin suka taɓa riƙe su a hannu?

A zamanin da sai an buga takarda an ɗora a jirgin ruwa, akwai uzuri, domin kowane kwafi yana cin kuɗi. Da intanet ta zo sai uzurin ya ragu, gama in an sa rubutu sau ɗaya, ko mutum dubu suka karanta ba ya raguwa. Saboda haka masana da ma'aikatan ɗakunan karatu suka tashi da kira a buɗe. Cikin 2002 aka fitar da sanarwa daga Budafes ta ƙasar Hangari, cewa a bar kowa ya karanta binciken masana, ya kwafa, ya rarraba, ba tare da biya ba. Cikin 2003 aka yi wata a Balin ta Jamus, wadda ta ambaci ilmin tarihi da harsuna da al'adu tare da na kimiyya. Cikin 2008 Amurka ta wajabta wa waɗanda suka karɓi kuɗin hukumar binciken lafiya ta ƙasar su buɗe rubutunsu cikin wata 12. Cikin 2018 hukumomin ba da kuɗin bincike na waɗansu ƙasashen Turai suka haɗu suka ce abin da aka yi da kuɗinsu a buɗe shi tun ran da aka buga. A watan Nuwamba na 2021 ƙasashe 193 na hukumar UNESCO suka amince da wata shawara ta buɗe ilmi ga kowa.

Sai dai ilmin likita da na kimiyya sun riga ilmin tarihi da zaman jama'a shiga wannan hanya, kuma da dalili. Na farko, masanin tarihi babban aikinsa littafi ne, wanda ke cin shekaru da kuɗi masu yawa kafin ya fito, ba 'yan shafuka a mujalla ba. Sai a 2024 babbar hukumar ba da kuɗin bincike ta Ingila ta sa littattafai cikin dokarta, ta ce a buɗe su cikin wata 12. Na biyu, ƙungiyoyin masana da yawa da kuɗin sayar da mujallarsu su ke rayuwa, suna tsoron in an buɗe su durƙushe. Na uku, gyara da tsarawa da adana rubutu aiki ne, masu yinsa kuwa suna cin abinci. Don haka waɗansu kamfanoni suka ce sun yarda a buɗe, amma mai rubutu ya biya tun farko, kuɗin kuwa su kan kai dala dubu biyu ko uku a rubutu guda. Likitan Turai mai babban asusun bincike ya iya. Malamin tarihi a Kano ko Sakkwato ko Yamai, ina zai samo? An cire kwaɗo daga ƙofar mai karatu ke nan an maƙala a ƙofar mai rubutu.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan sauƙi. Ɗaya ita ce kowace jami'a ta yi rumbu a intanet, duk malamin da ya rubuta abu ya ajiye kwafinsa a ciki, kowa ya ɗauka. Mujallu da yawa sun yarda da haka, waɗansu nan take, waɗansu bayan shekara ɗaya ko biyu. Ta biyu ita ce hukuma ta ɗauki nauyin wurin bugawar da kanta, kamar yadda aka yi a Barazil, inda aka buɗe dandalin SciELO cikin 1998 da kuɗin hukuma, mujallun ƙasar suka zama a buɗe ga kowa. A Afirka ma tun 1998 akwai dandalin AJOL mai tattara ɗaruruwan mujallu, na Nijeriya sun fi na kowace ƙasa yawa a ciki, da dama daga cikinsu kuwa kyauta a ke karantawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da can malami ya kan ba almajiri aron littafi ya kwafa da hannunsa, mai hali kuma ya kan sayi littattafai ya yi waƙafi da su a masallaci. Malamai kuwa ba su gushe ba suna jan kunne game da ɓoye ilmi ga mai nemansa.

To, a komo ga marini. Jikar ta yi ta cigiya har ta sami adireshin malamin, ashe ya koma wata jami'a mai nisa. Ta rubuta masa. Ba ya nan, ya yi tafiya, amsa ba ta zo ba sai bayan mako biyar. Ranar zama kuwa ta riga ta wuce. Dattijo ya je gaban hakimi da bakinsa kaɗai, aka bar masa rijiyoyin gidansu da na maƙwabtansa biyu waɗanda magada suka tsaya a kai, sauran aka ce ba hujja. Tifa ta yi kwana uku tana zuba ƙasa a gefen yamma.

Da amsar malamin ta zo, sai ga ta cike da ban haƙuri. Ya ce alkawarin nan ya daɗe yana damunsa. Kwafi ɗaya kaɗai aka aiko masa, ya ajiye a ofis, aiki ya sha kansa. Bai taɓa tunanin wani a garin zai bukaci rubutun ba, a zatonsa 'yan'uwansa malamai ya rubuta wa. Ya aiko da rubutun duka da taswira, ya ce kuma ya sa kwafi a rumbun jami'arsu, abin da tun shekarun baya ya ke da izinin yi bai yi ba. Aka kai taswirar wa hakimi, ya duba, ya tsai da aikin a gefen gabas, inda ba a riga an taɓa ba. Na yamma kuwa an riga an sa harsashin gini.

Aka buga shafukan a takarda, aka kawo wa dattijo. Ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe, ya sa yatsa a layin farko kamar yadda aka koya masa a aji. Haruffan duk ya san su, amma maganar ba ta fita, domin Turanci ce. Sai inda ya ga "karofi" ko "laso" ko sunan babban yayansu, nan ya kan tsaya ya maimaita. Ya miƙa wa jikar ya ce, "An buɗe ƙofar waje, saura ta ɗaki."

Kwana huɗu suna zama a gindin ceɗiya bayan la'asar, tana karantawa tana mayar masa da Hausa, mutanen karofi sun kewaye su. Da aka zo maganar babban yayansu, aka karanto yadda ya ba da labarin haƙa rijiyar farko, dattijo ya sunkuyar da kai ya share ido da hannun riga. Da aka zo wani wuri kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Nan ya yi kuskure." Malamin ya ba wani gida rijiya biyu waɗanda na wani gida ne, domin masu gidajen sunansu ɗaya. Shekara da shekaru rubutun na hannun masana a Turai da Amurka, ba wanda ya gane, ba kuwa yadda za a yi su gane. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Aka rubuta wa malamin, ya yi godiya, ya gyara a kwafin da ke rumbu. Ashe buɗewar ba mutanen gari kaɗai ta amfana ba, har ilmin kansa ya ƙaru.

Abin da ke cikin wannan labari a fili ya ke. Binciken magani in an kulle shi, likita ke rasa shi, ta hannunsa cutarwar ke isa ga jama'a. Binciken tarihi da zaman jama'a kuwa daga bakin mutane aka ɗebo shi, maganar gonarsu ce da gadonsu da aurensu da sana'arsu, su ne kuma suka fi kowa iya amfani da shi. Ya kamata hukumar da ke ba da kuɗin bincike ta sa sharaɗi tun farko, cewa abin da aka rubuta a ajiye shi inda kowa zai samu kyauta, a kuma taƙaita shi da harshen mutanen da aka yi aikin a cikinsu, a kai musu. Mutanen gari su ma in baƙo ya zo da tambaya, su karɓe shi hannu bibbiyu kamar yadda aka saba, amma ba laifi su tambaye shi wa ya biya kuɗin aikin, ina za a ajiye shi, yaushe kuma za a kawo musu nasu. Su rubuta sunansa da adireshinsa su ajiye. Amfanin zuwa aji ke nan.

Dattijon dai ya aika kasuwa an sayo masa littafin rubutu mai shafi 80. Kullum in ya dawo daga karofi ya kan zauna a zaure da fensir, yana rubuta abin da ya sani na rini da hannunsa, da Hausa, a hankali, yana gogewa yana sakewa. Ya gaya wa jikar in ya cika ta ɗauki hotonsa ta sa a inda kowa zai gani. Ta ce, "Nawa za a riƙa biya, Kaka?" Ya harare ta ya ce, "Wanda ya karanta ya yi wa yayyena addu'a. Allah Ya jiƙansu, Ya sa abin ya yi amfani."